Layi Biyu A Ƙarƙashin Benci

Sallama gare ku, masu haƙurin zama da ni. Wanda yau ya fara leƙowa kada ya damu, bai makara ba, don ni ba na sauri a komai. Shi ya sa ma a layinmu ake ce min Sannu-Sannu.

Ni kafinta ne. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya. Shekarar da Allah ya ɗauki mahaifina, Inna ta kama hannuna ta kai ni shagon wani abokinsa, ta ce, "Ga amana." Yau shekara goma sha shida ke nan. Mutumin nan Baba nake ce masa, kuma har gobe ni da shi ne a shagon, mu biyu rak.

Ita kuwa wadda ta hana ni sukuni, Malama ce, tana koyar da 'yan aji uku a firamaren da ke bayan shagonmu. Ranar da na fara ganinta, da ƙafar benci ta shigo a hannu kamar mai neman abokin faɗa, ta ce, "Waye kafintan a cikinku? Yarana uku suna zaune a ƙasa." Muka gyara wancan, hedimasta ya ba mu aikin sababbi goma sha huɗu, ni na riƙa kai su ɗaya-ɗaya a ka, alhali ana iya ɗauko su a tafi guda. Wata takwas ke nan, ta san abin da ke raina, na san abin da ke nata. Abin da ya rage shi ne gidansu.

A gidansu kuwa Yayanta ne baki. Ummansu ba ta yanke magana sai ta ji tasa. Yana da katafaren shagon kayan ɗaki a bakin babban titi, mai ƙofar gilashi, irin wanda in ka shiga sai ka ji kunyar takalminka. Ranar Asabar ya aiko in je.

Na sa rigata ruwan sararin sama, ita ce ta fita kunya, Inna ta goge min ita har hannun ya yi kaifi. Na wanke kaina sau biyu saboda garin katako, amma da na tsaya a gaban gilashin nan sai ga shi a girata.

"Zauna mana, kujerar ba ta cizo," in ji Yaya.

Na ɗosana a baki-baki. Hannuna da ba ya jin magana ya riga ya zagaya ƙasa yana laluben yadda aka haɗa ta. Ƙusa ce da gam kawai, ba a sassaƙa katako an shigar da shi cikin ɗan'uwansa ba. Na ce a raina, wannan in ta shekara biyu ta yi ƙoƙari. Na maido hannun na ajiye a cinya.

"Na yi bincike a kanka," ya ce. "Duk wanda na tambaya sai ya ce ba ka da abokin faɗa. Har na fara tsoro, na ce ko dai bebe yarinyar nan ta samo mana."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Ba mugun mutum ba ne, kada ku tsane shi.

"Ba na ƙin ka, malam. Amma ƙanwata ba za ta yi zaman jiran shagon da ake kawo gyaran kujera ɗaya a kwana uku ba. Ina da wurin aiki a bayan nan, injina sababbi, ma'aikata goma, ba mai hannu ko ɗaya a cikinsu. Ka zo ka riƙe min su. Ka fara Litinin ta sama, ni kuma in shiga wajen Umma in ce na amince. In kuwa ba haka ba," ya juya makullin mota a yatsa, "akwai abokina da ya shekara yana min naci a kanta. Ni nake ta ce masa ya dakata."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "To."

Kada ku tambaye ni daga ina ta fito. Ni mutum ne da in mai shayi ya cika min sukari, shanyewa nake in ce an gode.

"Madalla. Kada ka gaya mata tukuna, so nake in ba ta mamaki."

Na tarar da Inna a ɗakinta tana ninke wanki a kan gado, rediyo na ta surutu shi kaɗai a saman kabad. Kabad ɗin nan ni na yi shi ina ɗan shekara goma sha biyar, ƙofarsa ɗaya a karkace take, na yi na yi in gyara ta hana, wai a nan take gane hannuna. Da na gaya mata, sakin zanen ta yi ta tafa hannu.

"Kai, Allah na gode maka! Auta, ka ce an kusa kawo min mai taya ni hira."

"Inna, Baba fa?"

"Baba me? Ni na kai ka, ban kuma ce na bar masa kai har tashin duniya ba. Shekara goma sha shida ana abu ɗaya! Ko tsuntsu in fiffikensa ya yi ƙwari barin sheƙa yake."

"Shi kaɗai zai rage."

"Ni da wa na rage? Auta, dube ni. So nake in ga jikana ina da sauran haƙoran da zan yi masa dariya. Ka gaya masa da wuri, mutumin kirki ne, ba zai riƙe ka ba."

Ta yi gaskiya, ba zai riƙe ni ba. Wannan ɗin ne ma damuwar.

Akwai abin da Inna ba ta sani ba. A da, Baba ido kawai yake ɗora wa ƙofa ya faɗi faɗinta, in ka sa tef ka tarar haka ne. Shekara uku baya idon ya fara yi masa gardama. Ranar farko, wata taga muka yi ta zo da giɓin yatsa guda, mai ita ya tsaya a bakin titi ya wanke Baba tas. Kwana biyu tsohon nan bai ci abin kirki ba, yana ta juya tef ɗinsa yana cewa na zamani ba su da gaskiya. Tun daga ranar na sauya yadda muke aiki, ban gaya masa ba. Shi ke awo kamar kullum. Zai lasa bakin fensir, ya ja layinsa mai kauri, ya tura min katakon ya juya ya ɗauki na gaba. Ni kuma in sa tef a ɓoye, in ja nawa siriri a gefen nasa, in yi aiki a kan nawa. Wani lokaci tazarar kwatan inci ce, wani lokaci rabi. Fuskar da ke da layin sai in juya ta ciki ko ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ba na goge nasa. Na taɓa gwadawa, hannuna ya ƙi.

In aiki ya fito daidai, Baba zai shafa shi ya ce, "Ka gani ko, yaro? Awo shi ne kafinta." In ce, "Haka ne, Baba."

Ranar Litinin na daure. Yana zaune a kan kututturensa yana shan shayi, tabarau a tsakiyar hanci, na ce, "Baba, akwai magana."

"Faɗi. Kunnena dai bai tsufa ba."

Na dubi hannunsa a jikin kofin, na dubi tabon zarto da ke bayan babban yatsansa.

"Ƙusa 'yar inci uku ta kusa ƙarewa."

"Shi ne ka haɗa fuska kamar an aiko da rasuwa? Je ka sayo mana!"

Talata da hantsi waya ta yi ƙara a aljihuna. Na goge hannu a wando na duba. Saƙon Malama ne.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Sauri. Ina da roƙo, kuma ka san ba a ce wa Malama a'a."

Kafin in gama haɗa harafin farko wani saƙon ya shigo.

"Wannan makon darasinmu halacci ne. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Na tambayi wani me ya gane, ya ce halacci shi ne in an doki abokinka kai ma ka yi kuka."

Sai fuskar dariya guda uku. Sai na ƙarshe.

"So nake su ga mutum da idonsu, ba a allo ba. Ka zo Alhamis bayan tara, minti goma kacal, ka ba su labarinka da Baba. Duk duniya ban san wanda ya fi ka dacewa ba."

Jama'a, sai da na nemi wuri na zauna. Ni rubutu yana ɗaukar min lokaci, don haka murya nake tura mata. Na danna na fara, "Malama, gaskiya akwai," na goge. Na sake, "Ai ni ban iya magana ba," na goge. Na uku ma na goge. A ƙarshe abin da ya tafi daƙiƙa biyu ne: "Allah ya kai mu."

Ta maido da hoton zuciya. Na kife wayar a kan katako.

Alhamis na je da kayan aikina a jiki, don ta ce kada in yi kwalliya, yadda suka san ni take so. Ita kuwa doguwar riga ce a jikinta ruwan ƙasa mai ƙananan furanni farare, da mayafi ruwan madara, da ɗan agogon nan nata mai siririn madauri. Alli ya yi mata fari a gefen hannu da kuma haɓa, ba ta sani ba. Na so in gaya mata, na ga ya yi mata kyau, na bari.

"Barka da zuwa, Kawu Kafintaaa!"

Yara arba'in da biyu, uku-uku a benci, kuma duk bencin nan hannuna ya bi ta kansu. A allo an rubuta HALACCI da manyan haruffa. Malama tana da tsarinta: 'yan benci ɗaya 'yan'uwan juna ne. In ɗaya bai zo ba, sauran biyun su kwafa masa darasi a littafinsa su kai masa gida. In ɗaya ya manta fensir, ba ya zuwa wajen Malama, nasa bencin ne za su san yadda za su yi da shi. A jikin bango ta manna takarda, duk bencin da ya cika mako ba a bar kowa a baya ba sai ta zana masa tauraro.

Na tsaya a gaban allo. Na taɓa tsayawa haka, a wata makarantar, ranar da aka ce in karanta na kasa.

"Ka fara daga ranar da aka kai ka," in ji Malama a hankali.

Sai na fara. Na ba su labarin yadda gudumar shagon ta fi ƙarfina, Baba ya yanke ƙotar tasa ya rage mata tsawo don ta zauna a hannuna, shi ya koma aiki da tsohuwa. Na ba su labarin ranar da zarto ya ci yatsana, ya goya ni a baya yana gudu zuwa asibiti, hularsa ta faɗi a hanya bai tsaya ɗauka ba. Na nuna tabon. Ai sai aji ya taso gaba ɗaya.

"Ku koma! Layi-layi za a gani!" in ji Monita, wata doguwar yarinya mai muryar manya.

Ana cikin haka sai ga murya daga ƙasa. Wani yaro ne da haƙoransa na gaba suka zube, Giɓi suke ce masa, fensirinsa ya faɗi ya bi shi, ya samu wuri ya yi kwanciyarsa a ƙarƙashin benci.

"Kawu! Me ya sa layi biyu ne a nan? Ɗaya ƙato, ɗaya siriri. Ƙafar kuma a kan siririn take."

Kafin Malama ta ce kai, kawuna arba'in sun nutse.

"Namu ma biyu ne!"

"Namu ma!"

"Ku fito! Kai, ku fito na ce!" Tana faɗa tana tattare mayafi, sai ga ta ita ma ta sunkuya ta leƙa. Ta ɗago ta dube ni. "Kawu Kafinta, aji na jiran amsa."

Ni ban iya ƙarya da sauri ba, kafin in ƙera ta an gane. Na ce, "Sai in za ku riƙe amana."

Malama ta rufe ƙofa. "Maganar da za a yi yanzu ta aji uku ce. Ba ta fita, ba ta zuwa gida, ba ta bi ta gaban shago. Wa ya yarda?" Hannaye suka tashi, har Giɓi da ya miƙo nasa daga ƙasa.

Na gaya musu. Mai kaurin na Baba ne, siririn nawa. Na gaya musu dalili.

Wani mai tabarau a layin gaba, wanda Malama ke kira Sarkin Tambaya, ya ɗaga yatsa. "Kawu, ai ƙarya kake masa ke nan."

Kai, yaron nan ya soke ni. Na dubi Malama. Ba ta cece ni ba, aji ta juya wa. "Me kuka gani?"

"Ƙarya ce!"

"Ba ƙarya ba ce!"

Monita ta miƙe. "Malama, Kakata tana sa riga a baibai. In na ce mata a baibai ne sai ta ji haushi ta ce ita ta haifi uwata. Sai in ce, Kaka kawo in kaɗe miki, akwai kiyashi. In juya mata. To ni maƙaryaciya ce?"

"Akwai kiyashin?" in ji Sarkin Tambaya.

"Wani lokaci akwai!"

Aka kwashe da dariya. Malama ta buga alli a tebur. "Jiya me muka ce? In ɗan bencinku ya ɗauki abin wani, halacci ya ce ku ɓoye shi?"

"A'a! Mu ce ya mayar!"

"In kuma ba laifi ya yi ba, ƙarfinsa ne ya gaza?"

"Mu tallafe shi!"

"Mu yi ta shela muna cewa mun tallafe shi?"

"A'aaa!"

Ta juyo ta dube ni. Wata takwas muna tare, ban taɓa ganin wannan kallon ba. Da ta harare ni da ya fi min sauƙi.

Can baya akwai wata 'yar ƙarama da tun shigowata ba ta ce uffan ba, tana tsotsar bakin mayafinta. Ta ɗaga hannu rabi.

"Kawu, to in ka tafi, wa zai ja siririn?"

Malama ta yi murmushi. "Ai Kawu ba ya tafiya, 'yar albarka. Shi ya sa muka kira shi." Ta waiwayo. "Ko ba haka ba?"

Na dubi ƙasa. Na ga garin katako a takalmina. Na ji agogon bango yana tafiya.

"Malama, Kawu zai yi kuka," in ji Giɓi.

Na ce, "An ce in tafi. Ranar Litinin. Kuma na amsa."

Sai wani a tsakiya ya raɗa wa na kusa da shi, raɗar da kowa ya ji, "Ashe shi ma ba shi da halaccin." Allin da ke hannun Malama ya karye biyu. Ta ajiye shi a hankali, ta ce wa Monita ta ja su karatun shafi na goma, ta buɗe ƙofa ta fita. Na bi bayanta.

A ƙarƙashin bishiyar da ke bayan ajin ta tsaya, ta naɗe hannu.

"Wa ya ce ka tafi?"

"Yaya."

"Yayan wa?"

"Naki."

Na kwashe komai na gaya mata, har da makullin mota da abokin da ke jira.

"Abokinsa? Wannan da turarensa ke yin sallama kafin shi ya iso? Ni za a aura ko Yaya?" Ta ja numfashi. "Tsaya ka ji, ban ce kada ka ci gaba a rayuwa ba. Da ka zo ka ce min kana son manyan injina, wallahi ni zan raka ka har ƙofa. Kana so?"

"A'a."

"To don me?"

"Don ke."

Ta kawar da kai. Na ga tana ƙifta ido da sauri. Da ta yi magana muryar ta sauka.

"Ka ɗora min tsoho a wuya ke nan, Sannu-Sannu. Kullum in bi ta gaban shagon nan in gan shi a rufe, in ce ni ce. Sannan in shigo in tsaya gaban yaran nan in ce musu kada su bar ɗan bencinsu a baya." Ta share ido da bakin mayafi, allin haɓar ya tafi. "Amma kada in yaudare ka. Yaya ba ya magana biyu, Umma kuma ba ta tsallake tasa. Ban ce zai yi sauƙi ba. Kawo wayarka in kira shi."

"A'a, Malama. Bakin da ya amsa shi zai warware."

Na nemo lambar Yaya na kira. Ya ɗauka a ƙara na biyu.

"Surukina! Ka fara haɗa kayan aikinka?"

"Yaya, barka da rana. Maganar Litinin ce. Ba zan iya ba."

"Aikin ne ba za ka iya ba?"

"Aikin zan iya. Barin Baba ne ba zan iya ba."

Ina jin ana jan kujera a wajensa.

"Ka san abin da ka ajiye?"

Na dube ta. "Aikin na ajiye, Yaya. Ita ban ajiye ta ba."

"A wajena ɗaya ne. Ka zo gida bayan la'asar ka maimaita a gaban Umma, kada gobe a ce ni na yi maka ƙage." Ya kashe.

Na koma shago na tarar da kwaɗo a ƙofa. Tela maƙwabcinmu ya ce Baba ya fita tun ɗazu, ya sa farar rigarsa ta zuwa unguwa. Na ɗauka gaisuwa ya je. Na buɗe, na share, na jera katako, na kasa yin komai bayan haka. La'asar na yi na wanke fuska na kama hanya, ko riga ban sauya ba.

Gidansu Malama ƙofar ƙarfe ce koriya, da ɗan tsakar gida da aka jera tukwanen furanni a gefe, sai falo mai labule ruwan zuma. Na ɗaga murya zan yi sallama, sai na ji tari daga ciki. Tarin nan ko a cikin kasuwa na ji shi na san mai shi.

"Uwarsa ce ta zo min da safe ta gaya min komai," Baba ke faɗa. "Ga ta nan, ita ta rako ni. Hajiya, yaron nan ba zai taɓa buɗe baki ya ce min zai tafi ba. Na san shi, ko ƙusa ya taka sai ya ba ta haƙuri. Shi ya sa na tako da ƙafata. Ku ba shi. Ni na sallame shi, duniya da lahira. Ba wai don na gaza ba, a'a, idona garau, hannuna garau. Hutu kawai nake so."

Na dafa bango. Sannan na yi sallama na shiga.

Umma na zaune a doguwar kujera, farin mayafi, carbi a hannu. Yaya a tsaye jikin taga. Inna a ƙasa kan darduma, ta ƙi yarda mu haɗa ido. Baba a kujerar kusa da ƙofa, ya ɗora hularsa a gwiwa, ya ɗaura maɓallin wuyansa a ramin da ba nasa ba. Na durƙusa na gaida kowa, na matsa na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"To, ga shi ya zo," in ji Umma. "Ɗan nan, yayanta ya ce ɗazu ka kira ka fasa. Amma ka ji yanzu, wanda kake jin nauyinsa ya sauke maka nauyin. Mahaifiyarka ta amince. Hanya ta buɗe. Me ka ce?"

"Auta," in ji Inna ƙasa-ƙasa, "ka yi wa Allah."

Na ce, "Umma, ku gafarce ni. Inna, ki yafe min. Baba ya sallame ni, ni ban sallame shi ba. Gobe da safe ina shago, jibi ma haka. 'Yarku kuma ina sonta, ba ni da abin da zan nuna muku sai hannun nan biyu. Ba zan fasa ba sai in ita ta ce in fasa."

Baba ya ɗauki hular ya maka min a kafaɗa. "Kai wane irin wawa ne? Ana fitar da kai daga rami kana komawa?" Muryar ta karye a tsakiya, ya juya fuska bango yana neman tari.

Yaya ya zaro makulli daga aljihu. "Umma, kin ji da kunnenki. Ni na gama."

"Zauna," in ji Umma, ba ta ko dube shi ba. Bai zauna ba, amma bai fita ba. Ta juya wajen labulen ƙofar ciki. "Ke kuma fito. Tun ɗazu nake kallon yatsun ƙafarki. Zo ki faɗa a gaban yayanki. Mutumin da aka ce ya zaɓa, ya zaɓi tsoho a kanki, har yanzu shi kike so?"

Labulen ya motsa. Ta fito da rigar makarantar a jikinta, ba ta sauya ba ita ma. Ta ratsa falon, ta wuce ta gaban Yaya, ta zo ta durƙusa a ɗaya gefen Baba.

"Baba, sannu da hanya," ta ce. Sannan ta ɗago. "Umma, da ni ya zaɓa ya bar shi, da yanzu ban san amsar da zan ba ki ba."

Carbin Umma ya tsaya a tsakanin yatsunta. Ta dubi 'yarta, ta dubi tsohon, ta dube ni, sannan ta ɗaga ido ta sauke a kan Yaya.

"Kowa ya ba mu wuri," ta ce. "Ni da babban ɗana za mu yi magana."